Makullin Farar A-kori-kura

Talata, 4 ga Maris, da hantsi

Gogo ta sake kunyata ni. Gogo ita ce tsohuwar jif ɗin da baban Lindani ya mutu ya bar mana, kuma duk faɗin unguwar nan ba wanda bai san tarinta ba. Jiya muna dawowa daga aikin jana'iza, tanti a ɗaure a kan rufi, kujerun roba cunkushe a baya, tukwane a kan cinyoyin matan da ke taya ni girki, sai ta tsaya cak a tsakiyar yashi. 'Yan makoki ne suka zo suka tura mu. Mutanen da suka binne ubansu da safe, su ne da yamma suke turin motata suna haki. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ɗana Lindani, wanda shi ne direbana kuma shi kaɗai gare ni, shi ya tuƙo mu. Sai da muka iso gida na zuba masa abinci, sannan ya ajiye cokali.

"Mama, kin dai gani."

"Na ga me?"

"Wannan ba mota ba ce, ƙawarki ce. Tare kuke hawan jini."

"Ci abincinka, marar kunya. Ita ta riƙa kai ka makaranta lokacin da majina ke zuba a hancinka."

"To ai shi ya sa ya kamata ta huta."

Ya miƙo mini wayarsa. Hoton a-kori-kura ne, sabuwa dal, fara sol. Wai akwai kamfani a garin Empangeni da zai karɓi Gogo a yi musaya, mu cika abin da ya rage. Tanti da tukwane da kujeru duk za su shiga bayanta a sawu ɗaya.

Gaskiya yake faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mai ba da hayar tanti da girkin taro a-kori-kura take buƙata, ba jif mai tari ba. Amma mu a nan muke zaune, inda in ka hau tudun bayan makaranta kana hango wayar iyakar Mozambik. Ta Bhekani ɗan maƙwabciyata, wadda 'yan fashi suka ƙwace suka tsallaka da ita, ita ma fara ce.

Alhamis, 6 ga Maris, da yamma

Na je duba Bhekani. Tun makon jiya aka sallamo shi daga asibiti, ni ce nake ta ja da baya, yau ciwon kai, gobe aiki. Uwarsa MaSibiya aminiyata ce, shinge ɗaya ya raba gidajenmu, kuma tare muka yi goyon su shi da Lindani. Na dafa gwaza na kai.

Na same shi zaune a kan tabarma a bayan ɗaki, inda ba a ganin hanya. Ba zan rubuta yadda ƙafafunsa suke ba. Na ce, "Sannu, ɗana." Ya dube ni ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Can wata mota ta wuce, sai na ga gwazar ta suɓuce daga hannunsa.

MaSibiya ta rako ni. A bakin shinge ta riƙe mini zane.

"MaZikhali, makullin fa tun a kan hanya ya ba su. Bai yi gardama ba. Ya ce ku ɗauka."

"To me ya sa suka shiga da shi gonar itacen turare?"

"Na'urar nan da ake bin sawun mota da ita. Tambaya ɗaya suka yi ta yi masa har gari ya waye. Ina take?"

"Bai nuna musu ba?"

Ta girgiza kai kawai ta koma ciki. Na taho ina jin haushin yaron a raina, Allah ya yafe mini. Ƙarfe ne fa. Me ya hana shi nunawa?

Juma'a, 7 ga Maris, da safe

Tsoro nake ji. Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Lindani ya samu kwangilar kai abinci makarantun firamare, zai fara bayan Ista. A harabar coci ya faɗa, mata suka yi ta guɗa, har Fasto ya dafa kansa. Ni kuwa abu ɗaya ya faɗo mini: hanyar makarantun ta cikin gonar turare ta bi.

"Mama, ba kya murna ne?" in ji shi da muka shiga mota.

"Ina yi."

"Haka murna take? Kamar wadda aka ɗura wa maganin tsutsa."

"Fuskata ce haka, da ita ubanka ya gan ni ya aura."

"Buhunan masara ne fa da wake. Gogo ko tudun farko ba za ta hau da su ba."

"Ka je ka ga abokinka kuwa?"

Muka wuce famfo. Sannan ya ce, "Kullum ina zuwa. Ni nake yi masa aski."

"To?"

"To sai mu naɗe hannu saboda su? Mama, na kusa talatin. Duk wanda ya samu abu a garin nan sai ya ɓoye shi kamar ya sato. Ni na gaji."

Na ce za mu je mu gani. Gani kawai. Na maimaita masa har ya ce ya ji.

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

Mun je Empangeni. Dillalin, Mista Chetty, siririn mutum ne mai yawan dariya. Ya zagaya Gogo yana ƙwanƙwasa jikinta, ya ce, "Mama, wannan kam ta yi bauta. Zan karɓe ta don darajarki." Na ce darajata ba ta sayarwa ba ce, ya yi maganar mota. Ya ƙara dariya, ya sa aka kawo mini shayi.

Lindani ya shiga farar ya zauna. Bai ma tayar da ita ba, sitiyarin kawai yake shafawa. Fuskar ubansa na gani sak, ranar da ya shigo da Gogo gida. Na kau da kai.

Da suka tafi gwaji shi da wani ma'aikaci, sai na jawo kujera kusa da Mista Chetty.

"Wannan na'urar ta bin sawu, a ina kuke sa ta?"

"Ai Mama, ni kaina ban sani ba. Masu sawa rufe ƙofa suke yi. Wannan mota a nan, waccan a can. Ba a faɗa wa mai mota, don kada a tilasta masa ya nuna."

"Don kada a tilasta masa."

"Yauwa! Kin gane dabarar."

Na tambayi inda bayan gida yake. Shayin duk ya dawo. Ashe Bhekani ba taurin kai ya yi ba. Bai sani ba. Dare guda ana tambayarsa abin da bai sani ba, ni kuma ina can ina jin haushinsa a kan hanya.

Da na fito na wanke baki, na ce, "In mutum ba ya son ta fa?"

"In ta banki za a saya, dole ce. Banki sai da inshora, inshora kuwa sai da na'ura, balle ku na can bakin iyaka. Sai dai in mutum ya biya lakadan. Wannan kam motarsa ce, ko wuta ya ga dama ya cinna mata."

A hanyar dawowa Lindani waƙa ya yi ta yi. Gogo ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, munafuka.

Alhamis, 13 ga Maris, da rana

Lindani ya sa hotonsa a waya, yana jingine da farar. Kafin in kai bakin famfo mata sun fara yi mini barka. Na ce gani kawai muka je yi, ba wadda ta yarda.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma

Wani mutum ya zo neman hayar tanti. Ban san shi ba, ni kuwa ba gidan da ban dafa wa abinci ba daga nan har bakin tafki. Tsaf-tsaf da shi, ga ladabi, har hula ya cire.

"Sannu, Mama. Jana'iza gare mu Asabar mai zuwa."

"Ayya, Allah ya ba da haƙuri. Wa ya rasu?"

Ya ɗan tsaya. "Kawu ne."

"Na wane gida?"

"Can ciki ne, ba za ki sani ba."

"Gwada ni."

Ya yi dariya. Bai dubi tanti ba, bai tambayi kuɗin haya ba. Rumfar da Gogo ke kwana yake kallo, da ƙyauren gida, da tagar ɗakin Lindani. Ya ce zai dawo. Da ya fita na zauna a kan tukunya.

Wataƙila da gaske kawunsa ne ya mutu. Mutane suna mutuwa.

Litinin, 17 ga Maris, da safe

Na ce wa Lindani a'a kan maganar motar. Na faɗa masa tun kafin ya sha shayi, don kada in fasa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa fushi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna ya haɗa hannuwa.

"Na san haka za ki ce, Mama. Shi ya sa na je banki. Da suka ga takardar kwangilar sun yarda za su saya mini da sunana. Ki riƙe Gogonki."

"Da inshora?"

"Da komai. Har na'urar bin sawu za a sa. Kin ga sai hankalinki ya kwanta."

Hankalina ya kwanta! Na buɗe baki in faɗa masa abin da Mista Chetty ya ce, sai na ga ya riga ya sani. Shi ke yi wa Bhekani aski, ya fi ni sani. Ya dai yanke cewa shi ba za ta faɗa kansa ba, kamar yadda kowane ɗa namiji yake yankewa.

Na ce, "Ni na haife ka."

Ya ce, "Na sani, Mama. Ƙarshen wata zan sa hannu."

Talata, 18 ga Maris, da rana

Na ƙona wake. Ni, MaZikhali, da nake dafa wa taro guda abinci ban taɓa ƙona ko albasa ba.

Alhamis, 20 ga Maris, da hantsi

An kira ni da lambar da ban sani ba. Muryar namiji, a natse.

"Mama, ina kwana. An ce kuna shirin kawo amarya gida."

"Wa ke magana?"

"Mai taya ku murna ne. Fara ce, ko? Lindani yana da ido."

Ya kashe. Na kira, ba ta shiga. Na je ofishin 'yan sanda, wata mai kirki ta rubuta, ta ce in sun sake kira in dawo. Me zan ce sun yi? Gaishe ni suka yi.

Sunansa ya faɗa. Yadda ya faɗe shi ne ya tsaya mini a rai, kamar wanda ya saba kiransa.

Juma'a, 21 ga Maris, da yamma

Na share yini a rumfa, zaune a cikin Gogo, ƙofa a rufe. Har yanzu kujerar direba a lotse take daidai jikin baban Lindani. Na juya maganar ta kowace fuska.

In na ƙi, zai saya ta banki, da na'urar da ba zai san inda take ba. In na yarda, zan ba da Gogo, in haɗa da kuɗin sallamar da mahaƙar ma'adinai ta biya bayan rasuwar ubansa, wanda na ajiye wa tsufana, in biya lakadan. Motata ce, da sunana. Ba banki, ba inshora, ba na'ura. In ta tafi ta tafi da komai nawa.

Mota za ta shigo gidan nan ko ina so ko ba na so. Abin da ya rage mini kawai shi ne in zaɓi wacce iri.

Na kira Mista Chetty. Ya ce, "Mama, kin tabbata? Ba inshora a can wajenku? Wannan ai ganganci ne." Na ce da ya ce ko wuta na ga dama in cinna mata, ban ji ya ce sai na nemi shawararsa ba. Na kuma ce kada ya faɗa wa ɗana maganar inshora da na'ura.

Talata, 25 ga Maris, da yamma

Mun kai Gogo. Na kwashe tarkacen cikinta: tsohon littafin waƙoƙin coci, cokulan da na yi shekara ina nema, hular baban Lindani a ƙarƙashin kujera. Wani ma'aikaci ya ja ta zuwa bayan gini, ta yi tari sau ɗaya a kwana. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba.

Sun ɗaura wa farar wani ƙaton jan ƙyalle a goshi, wai mu tsaya a ɗauke mu hoto. Na ce duk wanda ya ɗaga waya sai na fasa ta. Lindani ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa.

"Mama, wallahi ba za ki yi da-na-sani ba."

"Sauke ni, kada ka karya ni."

Duk motar da ta biyo bayanmu a hanya sai da na juya na dube ta. Wuyana har yanzu ciwo yake.

Laraba, 26 ga Maris, da hantsi

Bhuti Velaphi, wan mijina, ya iso tun ban gama wanke-wanke ba, da sandarsa da fushinsa.

"Makoti," in ji shi. Shekara talatin da aurena, har gobe amarya yake kirana. "Mota ta kwana a gidan ƙanena ba a gabatar da ita ga kakanni ba? Su ganta a tsakar gida kamar baƙuwa? Wa zai tsare ta a hanya?"

"Bhuti, so nake a yi shiru da maganar. Ka san halin da ake ciki."

"Shiru? Akuya ba ta mutuwa shiru. Giya ba ta dahuwa shiru. In ba a faɗa musu ba, ba ruwansu da ita, ba ruwansu da wanda ke ciki."

Na ji kamar in kurma ihu. In ban faɗa wa matattu ba, ba mai tsare mini ɗa. In na faɗa musu, duk mai rai a yankin nan zai ji. Ina tsaye da soso a hannu ina maimaita wannan a raina, duk mai rai zai ji, sai na ji wani abu ya zauna mini daram.

Na ce, "Shi ke nan, Bhuti. Ranar Asabar. Amma kowa za a gayyata. Har na ƙetaren tafki, har masu tasha, har wanda ba ma gaisawa."

Ya dube ni a karkace. "Ɗazu kina neman shiru."

"Ka fahimtar da ni ne."

Ya ji daɗin wannan, ya tafi yana kaɗa sanda.

Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Dole in rubuta wannan.

An cika gidan maƙil. Na kafa tantina a tsakar gidana, karon farko. An yanka akuya, an ƙona ganyen impepho na kiran kakanni har hayaƙinsa ya game ko'ina, Bhuti Velaphi ya yayyafa ruwan maɗaciyar akuyar a goshin motar da tayoyinta. Ina raba nama ina duban fuskoki. Duk na san su. Na dafa abincin aurensu, na dafa na binne iyayensu. A cikinsu akwai wanda ke da lambar wayata da sunan ɗana a bakinsa, ko kuma wanda ya ba da su. Kowa na miƙa wa kwano sai in ji tsikar jikina ta tashi.

Da safe na roƙi Bhuti ya ƙara wasu maganganu a cikin abin da zai faɗa wa kakanni. Ya ce shi ba a koya masa magana da iyayensa.

Ya shiga shingen shanu, maza suka bi shi, aka yi tsit. Ya kira kakannin gidan Mabika, zuriyar mijina, ɗaya bayan ɗaya, ya kira baban Lindani. Ya ce ga mota 'ya'yanku sun samu, ku san ta, ku tsare ta, ku kau da haɗari. Na ga yana shirin rufewa.

Matar da aka auro ba ta shiga shingen nan, ba ta kuma ɗaga murya in ana magana da kakanni. Tun da na zo gidan ban taɓa karya wannan ba. Na matsa jikin itacen shingen daga waje.

"Bhuti, ka manta wani abu."

Mata suka ja numfashi. Wata ta ja mini zane ta baya.

"Makoti, koma wurinki."

"Ka faɗa musu motar nan ba ta da na'urar bin sawu."

"Kakanni ba su san wata na'ura ba!"

"To ka sanar da su. Da ƙarfi."

"Ba kurame ba ne!"

"Bhuti, ko ka faɗa ko in shigo in faɗa da kaina."

Na ɗaga ƙafa na ɗora a kan itacen ƙofar. Tsohon ya dubi ƙafar, ya dubi fuskata, ya dubi taron. Ban san me ya gani ba. Ya juya, ya gyara murya, ya faɗa. Ni ina faɗa daga waje, shi yana maimaitawa daga ciki, kamar 'yan aji ɗaya.

Cewa motar nan ba na'ura a jikinta, ko a ciki ko a ƙarƙashi, lakadan aka biya, ba hannun banki. Cewa wanda ke tuƙa ta bai san komai ba domin ba abin sani. Cewa in an tare ta a hanya zai sauka ya miƙa makulli. Cewa in dare ya yi makullin yana rataye a ƙusa a jikin ginshiƙin ƙyaure, daga waje, ba sai an ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa ba.

Da ya gama ba wanda ya yi guɗa. Na ɗauko guduma na buga ƙusar a gaban kowa, na miƙa wa Lindani hannu. Ya tsaya yana kallona, idanunsa jawur.

"Ba inshora, Mama?"

"Babu."

"Kin kira ɓarayi kin ba su motata a gaban duniya."

"Motata. Kawo."

Ya jefar da makullin a ƙasa ya fice. Na sunkuya na ɗauka na rataye. Mutane suka ci nama shiru-shiru suka watse da wuri. Giya ta yi saura, abin da bai taɓa faruwa ba a gidan Mabika.

Lahadi, 30 ga Maris, da sassafe

Tana nan.

Litinin, 31 ga Maris, da sassafe

Tana nan. Lindani ba ya yi mini magana. Fasto ya aiko wai yana son ganina, Bhuti kuma ya ce sai na ba da kaza don ƙafar da na ɗora.

Laraba, 2 ga Afrilu, da safe

Na fita na ga ƙusa ba makulli, mota kuwa tana nan. Na shiga ɗakin Lindani ba sallama, na same shi a ƙarƙashin matashinsa.

"Mama, mene ne haka!"

"In suka zo ba su gan shi a ƙusa ba, me za su yi?"

Ya tashi zaune, na ci gaba.

"Gida za su koma? Ko tambaya za su shigo yi? Wane ɗaki za su fara?"

"Mutane dariya suke yi mini a tasha. Wai ɗan mai sadaka da mota."

"Su yi. Kana jin dariyar ai, da kunnuwanka."

Ya karɓe makullin daga hannuna. Na ɗauka aljihu zai sa. Ta taga na hango shi yana rataye shi, ya daɗe tsaye a wurin.

Asabar, 5 ga Afrilu, da yamma

Mun yi aikin biki a ƙetaren tafki. Sawu ɗaya! Tanti, kujeru, tukwane, matan girki a baya suna waƙa iska na kaɗa ɗankwalayensu. Yashin da ke cinye Gogo, wannan ko a jikinta. Na zauna a gaba, sanyi na busa ni, ba ƙara, ba warin mai. Ban so in so ta ba, amma na so ta.

A hanyar dawowa Lindani ya manta yana fushi, ya ce, "Kin ji yadda take hawa tudu?" Na ce na ji. Da muka shiga gonar turare muka yi shiru mu duka, har matan baya. Na riƙe ƙofa har yatsuna suka sage. Ba kowa. Itatuwa ne kawai.

Litinin, 7 ga Afrilu, da sassafe

Tana nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da sassafe

Tana nan. Wataƙila ba wanda ya kai musu maganar. Wataƙila sun ji ba su yarda ba, sun ɗauka tarko ne. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da sassafe

Tana nan. Na fara roƙon abin da ba zan iya faɗa wa Fasto ba.

Talata, 15 ga Afrilu, gari ya fara haske

Ba ta nan.

Na ji lokacin, ba zan ce ban ji ba. Gab da asuba ƙyaure ya yi ƙara kaɗan. Na kwanta ban motsa ba, ina sauraren ko taku zai nufo ɗakuna. Bai nufo ba. Tura ta suka yi, sai can nesa na ji an tayar.

Da na iya tashi na fita. Rumfa wayam, ƙusa wayam. Sun mayar da ƙyauren sun rufe, har sun ɗaure shi da waya don kada awaki su fita. Na leƙa tagar Lindani. Yana kwance rub da ciki, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana minshari.

Sai na dubi ƙasa. An yi yayyafi jiya, yashi ya riƙe sawun tayoyin raɗau, sababbin tayoyi masu zane, daga rumfa zuwa ƙyaure, daga ƙyaure suka miƙe arewa. Ko makaho zai bi su. Na san ɗan da na haifa. In ya farka ya ga wannan, takalmi zai sa, ya kira abokansa, su bi har inda sawun ya tsaya, wurin mutanen da ke jiran duk wanda ya biyo.

Na ɗauko tsintsiya. Na share rumfa, na share tsakar gida, na buɗe ƙyaure na bi hanya a sunkuye. Da na kai ƙofar MaSibiya na ga tana tsaye a bakin shingenta. Ta dubi rumfata, ta dubi sawun, ta dube ni. Ta shiga ciki ta fito da tata tsintsiyar. Ni na ɗauki sawun dama, ita na hagu, muka yi ta tafiya har mararrabar da motocin haya ke bi, inda sawu ya hau kan sawu ba mai iya rabewa.

Ba Gogo, ba farar, ba kuɗin tsufa. Ban san da me zan kai tanti ranar Asabar ba, ban san me zai ce wa masu makaranta ba. Wataƙila ya daɗe bai yafe mini ba.

Bayana kamar zai tsinke. Na ɗora ruwan shayi, na yanka masa burodi. Daga nan inda nake zaune ina jin minsharinsa. In ruwan ya tafasa zan je in tashe shi.